Wace kalma ta dace da wanda ya bar gida cikin dare ba sallama?

Ɗan_Taura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ta shafi harshe, amma wani abu ne ya kai ni ga yin ta. Ƙanena, ɗan baffana, mai shekara 24, ya bar gida tun daren Talatar makon jiya. Mun wuni tare a wurin sussukar gero, ya ci tuwon dare tare da mu, da aka fito sallar Asuba sai ba a gan shi a sahu ba. Da aka duba ɗakinsa aka tarar ya ɗauki jakarsa da 'yan kayan sawa, ya cire layin wayarsa ya ajiye a bakin taga. Babu wanda ya yi faɗa da shi, sai dai mun san akwai bashin taki buhu biyu a kansa, kuma damina ba ta yi masa kyau ba. Dangi sun yanke shawarar a kai cigiya gidan rediyo a Dutse, aka ɗora mini rubutawa. Na rubuta cewa ya gudu daga gida, sai mahaifiyarsa ta fashe da kuka ta ce ɗanta ba ɓarawo ba ne. Na mayar da shi ya ɓata, sai Baffa ya ce mai shekara 24 ba yaron goye ba ne balle a ce ya ɓata. Don Allah masana Hausa, wace kalma ce ta dace da irin wannan tafiya, wadda za ta faɗi gaskiya ba tare da ta tozarta shi a kunnen jama'a ba?

Malam_Gaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya bayyana shi cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarsa tana da gaskiya, domin gudu ba ya zuwa shi kaɗai, kullum akwai abin da ake guje wa a bayansa, kuma duk wanda ya ji a rediyo cewa wane ya gudu, tambayar farko da zai yi ita ce me ya yi. Tsere ma ta fi gudu nauyi, saboda wanda ya tsere kamar yana hannu ne ko ana tsare da shi, shi ya sa ake cewa fursuna ya tsere. Arce kuwa kusan kullum da kayan wani take tafiya, kamar a ce yaron shago ya arce da kuɗin ciniki. Abin da ƙanenka ya yi, a yadda ka bayyana shi, sulalewa ce. Ya sulale ne, wato ya fita a hankali ba tare da ya ta da kowa ba, kuma kalmar ba ta cewa an kore shi ko an biyo shi.

Uwar_Gida_Ringim:
Malam, Allah ya gafarta, sulale ta yi daidai da yadda ya fita, amma ban ga ta dace da cigiya ba. A bakinmu mata, idan aka ce wance ta sulale daga gidan biki, ana nufin ta zame jikinta don kada a ɗora mata aiki ko a nemi gudummawa a wurinta. Akwai ƙanshin wayo a cikin kalmar. Uwar da zuciyarta ke tafasa ba za ta so a kira ɗanta mai wayon zamewa ba.

Malam_Gaya:
Na karɓi gyaranki, Hajiya. Sulale da zame da zille duk suna ɗauke da wannan ƙanshin, ko da yake zille ta fi su, don ita sai an nemi riƙe mutum sannan ya zille.

Ɗalibin_Hausa:
Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren nahawu, ko zai taimaka. Ku lura da cewa yawancin kalmomin da ake kawowa da wasalin e suke ƙarewa: tsere, arce, fece, sulale, zame, fice, ɓace, kuɓuce, suɓuce. Wannan shi ne rukunin aikatau da masana ke kira aji na 4, kuma aikinsa shi ne nuna cewa abu ya auku gaba ɗaya ko ya rabu da inda yake. Shi ya sa fita da fice ba ɗaya ba ne. Wanda ya fita ana sa ran dawowarsa, wanda ya fice kuwa ya bar wurin sarai, sau da yawa ma cikin fushi. Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙarshen o, wanda ke juyo da aikin wajen mai magana. Mutum ɗaya, a tafiya ɗaya, mutanen garinsu za su ce ya gudu, mutanen garin da ya sauka kuma za su ce ya gudo. Idan ka ce wane ya gudo wurinmu, akwai tausayi a ciki, kamar ka ba shi mafaka ne, amma idan ka ce ya gudu, kai ne aka bari da ciwon. Saboda haka, Yaya Ɗan_Taura, duk kalmar da ka zaɓa daga cikin masu ƙarewa da e za ta yi kamar kun yanke ƙauna daga dawowarsa.

Manomi_Na_Auyo:
Ni ban yi karatun nahawu ba, amma maganar gudu da gudo na gan ta da idona. A ambaliyar 2022, ruwa ya shigo mana bayan Isha, muka kwashi yara da abin da hannu ya iya ɗauka muka nufi tudu cikin duhu, babu wanda ya tsaya yi wa maƙwabcinsa sallama. Mutanen da suka karɓe mu a makarantar firamare cewa suke yi sun gudo daga ruwa, kuma babu wanda ya ji kunyar kalmar a cikinmu. Don haka ban yarda cewa gudu kullum abin kunya ba ne. Hausawa ma sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Abin da ake gudu dominsa shi ke wanke mutum ko ya shafa masa baƙi. Gudun ruwa da gudun wuta da gudun ceton rai babu mai zargin mai yin su, gudun bashi ne mutane ba sa yafewa da wuri.

Baba_Mai_Goro:
Manomi ya tuna mini da zamanin haraji. Ni na girma a lokacin da dagaci da masu unguwa ke bi gida gida bayan kaka suna karɓa, kuma wanda ba shi da shi yakan sha wulaƙanci a gaban iyalinsa. Magidanta da yawa sukan yi sammako tun da duku-duku su bar gari, wasu su yi Kurmi, wasu su tsallaka wata gunduma inda ba a rubuta sunansu ba. A bakin hukuma sunan wannan gudun haraji, amma a cikin gida ba mu taɓa cewa Baba ya gudu ba, cewa ake yi ya tafi cin rani, ko da kuwa kowa ya san abin da ya tashe shi. Fulani ma haka suke yi da jangali, ka kwana da ruga a bayan gari, gari ya waye ka tarar sai toka da turaku, sai a ce Fulani sun tashi. Ba a cewa sun gudu, tashi ake cewa. Wannan abu bai kau ba sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano. Ɗana, ina ba ka shawara ka duba ko cin rani ba zai rufa wa yaron nan asiri ba, tunda lokacinsa ne, an gama girbi.

Ɗan_Taura:
Na gode, Baba. Na yi tunanin haka, sai dai duk wanda ke tafiya cin rani a gidanmu yakan yi sallama, a yi masa addu'a, a ɗaura masa ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, kuma a san ko Legas ya nufa ko Fatakwal ko Abuja. Idan na rubuta ya tafi cin rani, mai sauraro zai ce to me ya kawo cigiya?

Hajiya_Ta_Dutse:
Ina karanta muhawarar nan ina mamakin yadda mu mata aka ware mana kalmarmu daban. Mace idan ta bar gidan miji cikin fushi, ko da tsakar dare ta saci jiki ta fita, ba a cewa ta gudu, cewa ake yi ta yi yaji. Kuma yaji yana da ƙa'ida, domin an san inda za ta, gidan iyayenta ko na waliyyinta, an kuma san abin da zai biyo baya, wato biko. Miji zai tura manya ko ya je da kansa, a zauna a ji laifin kowa, a ba ta haƙuri ta koma ɗakinta. Kalmar da kanta ta bar ƙofa a buɗe. Daga nan ne ma aka samo yajin aiki, don ma'aikaci bai bar aikin ba, jira yake a biko shi. Haka nan amarya idan ta ɓuya gidan ƙawarta kafin kamu, kowa ya san wasa ne na al'ada. Amma ranar da aka ce mace ta shiga duniya, to an rufe wannan ƙofar, kuma kalma ce da ke bin ta har 'ya'yanta. Namiji a ce ya shiga uwa duniya, sai a yi masa addu'ar Allah ya dawo da shi, mace kuwa sai a kama baki. Ina roƙon ɗan'uwanmu kada ya kusanci wannan kalma ko kaɗan, ko da wani ya ba shi shawararta.

Matashin_Wudil:
A wurinmu matasa cewa muke yi ya ware ko ya fece, wani lokaci mu ce ya cika wandonsa da iska. Na san ba za su shiga cigiya ba, na kawo su ne don a cika lissafi.

Malam_Gaya:
Sun cancanci a ambace su, ɗana, kuma cika wando da iska ba ta yau ba ce, ta girme ka. 'Yan'uwanta su ne ranta a na kare, da ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai dai duk waɗannan na gudun tsoro ne a fili, da rana tsaka, mutane na kallo, kamar a ce ana cikin kasuwa rigima ta ɓarke kowa ya yi ta kansa. Suna kwatanta saurin ƙafa ne, ba su kwatanta ɓoyewa ba. Masu kwatanta ɓoyewa su ne satar jiki, da sanɗa, da laɓaɓawa, sai kuma kalmomin amsa-kama irin su sululu da saɗaf-saɗaf. Wanda ya yi wuf ya fita an gan shi, sauri kawai ya yi, wanda ya fita sululu kuwa sai daga baya ake lura babu shi.

Mai_Tarihi_Takai:
Ku ba ni dama in kai maganar nan tarihi, domin wannan gardamar ta gudu ko wani abu daban an yi ta a kan sarakuna ma. A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano alhali Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A kan hanyar dawowa labari ya iske shi, kuma cikin dare ya bar rundunarsa ba tare da sanin yawancin jama'arsa ba. Da gari ya waye aka rasa shi, Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi har ya rasu a Kwatarkwashi, Wambai Abbas kuma ya komo da sauran jama'a Kano, shi ne aka naɗa sarki. Alu an kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Har yau idan aka zauna hira, wani zai ce Alu ya gudu, wani ya ce niyyar hijira ya yi zuwa gabas. A 1903 ɗin dai Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato ya nufi gabas, talakawa suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa har Burmi inda ya yi shahada, kuma shi babu mai cewa ya gudu, hijira ake cewa, saboda ya fita a fili da jama'a da manufa. Mu nan Takai muna da namu misalin, domin a 1893 da Yusufawa, wato mutanen Yusufu mai neman sarautar Kano, suka bar birni suka taho nan, farkon Yaƙin Basasa ke nan, magoya bayansu fita suka kira abin, abokan gabarsu kuma suka kira shi tawaye.

Bahaɗeje:
Mai_Tarihi ya tsallake namu. A 1906 Sarkin Haɗeja Muhammadu ya ƙi barin garinsa, ya tsaya ya yi yaƙi da Turawa har aka kashe shi, shi ya sa muke kiran sa Mai Shahada. A wurinmu kalmar gudu tana da ɗaci na musamman saboda wannan tarihin.

Alaramma_Na_Tsangaya:
Tunda an ambaci hijira, ya kamata a faɗi abin da ya bambanta ta da sauran, don kada wani ya ɗauka duk fitar dare hijira ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Makka a ɓoye a shekarar 622, ya kwana uku a kogon Sauru tare da Sayyidina Abubakar, don haka fita a asirce ba aibi ba ce a karan kanta. Amma ku duba abin da ya yi kafin ya fita. Ya bar Sayyidina Ali a baya domin ya mayar wa mutane kayan amanar da suka ba shi ajiya, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. Shehu Usmanu ma da ya tashi daga Ɗegel a 1804, don addininsa da jama'arsa ya tashi. Ban kawo wannan don in ɗora wa yaron nan laifi ba, Allah ya sani, ƙunci na sa mutum ya yi abin da bai shirya ba. Na kawo shi ne don in ce wa dangi, idan da hali ku haɗa kuɗin takin nan ku biya, ko ku je ku nemi mai shi ya ɗaga ƙafa. Ranar da bashin ya sauka, kalmar gudu ta faɗi da kanta, don babu sauran abin da za a ce ya guje wa. Mu a tsangaya mun saba da almajiri ya gudu, kuma abin da na gani shi ne mafi yawansu kunyar dawowa ce ke riƙe su a waje fiye da abin da ya kore su tun farko.

Inna_Ta_Gabas:
Ni abin da nake ji tsofaffi na faɗa idan mutum ya tashi haka kawai ba faɗa ba gardama ya bar gida shi ne an yi masa kurciya. Wai asiri ne da ake yi wa mutum ya ji garin ya ishe shi, ya kama hanya bai san inda za shi ba, kuma maganinsa kiranye. A unguwarmu an taɓa yin wani da ya shekara 9 ba labari, uwarsa ba ta taɓa cewa ya gudu ba har ya dawo, kullum cewa take yi an raba ta da shi.

Alaramma_Na_Tsangaya:
Inna, kalmar tana nan a harshe, ba a musun wannan, kamar yadda ake cewa wane ya yi layar zana ko ya yi ɓatan dabo idan an neme shi sama ko ƙasa an rasa. Amma ina jan hankalin dangi kada su bi wannan hanya, domin da zarar an ce kurciya sai a fara neman wanda ya yi ta, sai zargi ya faɗa kan kishiya ko maƙwabci, gida ya rabu biyu alhali ga dalili a fili, bashi da rashin amfanin gona. Addu'a ta wadatar.

Direban_Gumel:
Shekarata 17 ina jan mota, kuma irin waɗannan samari na sha ɗaukar su da asuba a bakin titi, ba a cikin tasha ba, don kada wani ɗan garinsu ya gan su. Za ka gane su da ƙaramar jaka da rashin son hira. Wasu Kano kawai suke zuwa su kama dako ko turin baro, wasu su wuce Kudu, wasu kuma ta Maigatari suke tsallakawa Nijar, su bi ta Zinder zuwa Agadas da niyyar Libiya. Waɗannan na ƙarshen su ne suka fi ɓoye tafiyarsu, saboda sun san iyaye ba za su yarda ba. Da na tambayi wani ko gudowa ya yi, sai ya ce mini a'a, fita nema ya yi, kuma bai yi sallama ba ne don ba zai iya kallon idon mahaifiyarsa ba. Ina ba da shawara ku kai hotonsa tashoshin mota na kusa da ku, ku nuna wa 'yan kamasho, sun fi rediyo saurin gane fuska.

Ɗalibin_Hausa:
Maganar direba ta dawo da mu kan tambayar farko. Fita nema da barin gida duk ba su yanke hukunci ba. Bari aikatau ne da bai faɗi dalili ba, bai faɗi sauri ko ɓoyo ba, ya dai ce mutum ba ya wurin. Ina ganin a rubuta ya bar gida ranar kaza, ba a san inda ya nufa ba.

Uwar_Gida_Ringim:
Ni ma na fi son wannan, sai dai ina tsoron karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan yaron da kansa ya ji sanarwar, kada ya ɗauka an sallama shi ne. Ya kamata a tuna cewa cigiyar nan kunne biyu za ta shiga, na jama'a da nasa, kuma nasa ya fi muhimmanci.

Baba_Mai_Goro:
To ai sai a daina kiran ta cigiya. Cigiya ta abin da ya ɓata ce, yaro ko dabba ko tsoho mai ruɗewa. Wannan saƙo ne za ku aika wa baligi mai hankalinsa.

Ɗan_Taura:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai wa Baffa maganar Alaramma, kuma yau da hantsi shi da ƙanensa sun je wurin mai takin, ya amince a biya shi buhu ɗaya yanzu, ɗayan kuma bayan an sayar da riɗi. Ga abin da na rubuta: ana sanar da wane, ɗan gidan wane, wanda ya bar gida daren Talata, cewa maganar da ke damunsa an daidaita ta, mahaifiyarsa tana gaishe shi, tana roƙon ya kira gida ko da ba zai dawo yanzu ba. Ban sa gudu ba, ban sa ɓata ba. Baffa yana ganin a cire maganar da ke damunsa, wai za ta sa mutane tambaya, ni kuma ina ganin ita ce za ta sa ya kira. Bayan sallar Isha zan karanta wa mahaifiyarsa duka biyun ta zaɓa, gobe kuma in kai hotonsa tasha kamar yadda direba ya ce.

Hajiya_Ta_Dutse:
Ka bar ta a ciki, ɗana, amma ka sa gaisuwar mahaifiyarsa a farko kafin komai. Kuma ka roƙi mai karantawa ya maimaita ta da safe da kuma bayan Magariba, lokacin da 'yan ci-rani ke zama gindin rediyo a wurin mai shayi.